Yadda iyali zai raya makonnin jiran Kirsimeti tare da ƙananan yara a Maraɗi

Lokacin jiran zuwan Almasihu, wanda ake kira Adbent a kalandar ikilisiya, yana farawa ne ranar Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba. Saboda haka farkonsa ba ya fita daga tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, tsawonsa kuma yakan kama daga kwana 22 zuwa kwana 28, gwargwadon ranar da Kirsimeti ta faɗo a mako. A shekarar 2026 Lahadi ta farko ita ce 29 ga Nuwamba, a 2027 kuma 28 ga Nuwamba. A nan Maraɗi makonnin suna zuwa ne bayan an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, hunturu ya fara busawa, rana kuma tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe shida, ta yadda iyali sukan taru a gida da wuri fiye da sauran watanni.

Babba ya san abin da ake nufi idan aka ce saura mako uku, amma yaro ɗan shekara uku ko biyar bai sani ba, shi ya sa yake maimaita tambaya ɗaya safe da yamma: "Inna, yaushe ne Nowel? Gobe ne?" Duk abin da ke cikin wannan jagora an gina shi ne a kan wannan tambaya. Aikin iyaye da malaman makarantar Lahadi shi ne su mayar da jiran abin da yaro zai gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ya ƙirga da yatsunsa, kuma su hana bikin ƙarewa tun kafin ranarsa ta zo. Wannan ba ya bukatar kuɗi masu yawa, abin da yake bukata shi ne kamar minti goma kowace yamma da kuma mutum ɗaya a gidan da zai riƙe al'amarin kada ya shiririce.

Kyandirori huɗu da ƙirgen kwanaki

Al'adar kunna kyandirori huɗu ta samo asali ne daga yara masu irin wannan tambaya. A shekarar 1839 wani malamin ikilisiyar Lutheran mai suna Johann Hinrich Wichern, wanda yake riƙe da gidan renon yaran talakawa a birnin Hambug na Jamus, ya ɗauki tsohuwar ƙafar amalanke ta katako, ya jera mata ƙananan jajayen kyandirori na ranakun mako da manyan farare guda huɗu na ranakun Lahadi, ana kunna ɗaya kowace rana domin yaran su ga kwanakin suna raguwa. Daga baya aka taƙaita su zuwa huɗu, Katolika da sauran ɗariku kuma suka karɓi al'adar.

Domin yin naku a gida, a samo faffaɗan kasko ko tiren ƙarfe, a cika shi da yashi mai ɗan danshi, a kafa kyandirori huɗu a kewaye da tazara tsakaninsu, wanda ya so kuma ya ƙara fari guda a tsakiya wanda ba za a kunna ba sai daren 24 ga Disamba. Kada a yi amfani da faifai ko tabarma a matsayin mazauni, domin kaba da ta sha iskar hunturu ba ta jiran a gayyace ta kafin ta kama wuta. A gefen tiren, nesa da harshen wuta, a jera ɗanyen ganyen mangwaro ko na dogon yaro, a riƙa sauya shi da zarar ya fara bushewa, wanda a wannan iska ba ya ɗaukar kwanaki da yawa. A al'adar Katolika kyandirori uku masu launin shunayya ne, ɗaya kuma ruwan hoda na Lahadi ta uku, amma idan ba a same su a kasuwa ba farare sun wadatar, ana iya shafa launin a jikin ɗan gindin laka da yara suka gina wa kowane kyandir. A mako na farko ana kunna ɗaya, a na biyu biyu, har a kai huɗu, yaro kuma yakan lura da kansa cewa hasken ɗakin yana ƙaruwa.

Batun wuta ba abin wasa ba ne, domin hunturu lokacin gobara ne. Babba ne kaɗai zai ƙyasta ashana, a ajiye tiren a ƙasa ko kan ƙaramin tebur mai ƙarfi nesa da labule, gidan sauro da zana, kuma kada a bar ɗakin kyandir yana ci. Hure wutar a ƙarshe shi ne rabon yara, sai dai a tsara shi bi da bi tun ranar farko, in ba haka ba sujadar za ta ƙare da kuka. Gidan da ke da mai rarrafe, ko wanda ɗakinsa na kara ne, ya yi amfani da ƙananan fitilu huɗu masu batir ba tare da jin ya rage wani abu ba.

Kyandir yana ƙirga makonni ne, ƙaramin yaro kuwa kwanaki yake so ya ƙirga. Tun kafin a fara buga kalandar takarda mai ƙananan tagogi, iyalai a Jamus sukan ja layukan alli a ƙofa, yara su riƙa share ɗaya kowace rana. Wannan ya dace da mu sarai: a ja layuka 24 da alli ko gawayi a bangon tsakar gida ranar 1 ga Disamba, daidai tsayin da ƙaramin cikinsu zai kai da hannu. Wata hanyar ita ce a zuba dabino 24 a ƙwarya, a ciri ɗaya kowace yamma a raba wa yaran, sai dai a cire ƙwallon tukuna, kuma kada a yi da gyaɗa ko aya idan akwai ɗan ƙasa da shekara huɗu, saboda suna iya sarƙe shi.

Tsarin yamma da labaran da za a faɗa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan tuwon dare, kafin barci ya fara fizgar yara. A kashe talabijin, a ajiye waya, a kunna kyandir, a rera baiti ɗaya na waƙar da yaran suka riga suka sani daga majami'a, a faɗi labari, a yi gajeriyar addu'a wadda kowane yaro zai ambaci sunan mutum ɗaya a cikinta, sannan a share layin ranar. Idan aka tsawaita ya wuce minti goma ko goma sha biyar, yaran za su fara ɗaukar abin a matsayin horo. Uba ya zauna tare da su ko da uwa ce ke jagora, domin yaro yana gane nauyin abu ne daga wanda ya bar harkarsa ya zo ya zauna saboda shi. Idan akwai kaka a gidan, a ba ta faɗin labarin wasu ranaku, ita ce ta fi kowa sanin yadda ake riƙe kunnen yaro.

Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma karanta wa ɗan shekara huɗu sura guda daga farko har ƙarshe ba ya kai ga biyan bukata. Babba ya karanta wurin shi kaɗai da rana, da yamma ya buɗe littafin a gaban yaran domin su san inda labarin ya fito, ya karanta aya ɗaya ko biyu, sauran kuma ya faɗa da bakinsa da Hausar da ake yi a gida.

Mako na farko na alkawari ne, kuma a nan ne mutanen yankin Maraɗi suke da abin da wasu ba su da shi. A Ishaya 11:1 annabi ya ce toho zai fito daga kututturen Yesse, mahaifin sarki Dawuda, wato gidan sarautar da aka sare har ƙasa zai sake fitar da reshe. Yaron birnin Turai sai an zana masa wannan a takarda, namu kuwa ana iya kai shi gona ya gani. A wannan yanki ne, daga shekarar 1983, Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM, ya yi ta aiki da manoma a kan su daina sare tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututtura lokacin sassabe, su zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi su bari, su datse sauran, har su zama itatuwa. Dabarar ta bazu a gonaki masu yawa na kudancin Nijar, kuma ita ce ta sa aka ba shi kyautar Right Livelihood a 2018. A fita da yara bayan gari wata rana da hantsi, a nemo kututture mai toho, a bar su su shafa busasshen gefen da kuma ɗanyen ganyen, sannan a faɗa musu ayar a wurin. A hanya a nuna musu gawo, wanda yake fitar da ganye a rani sa'ad da sauran itatuwa ke zubar da nasu. Ranar 18 ga Disamba, ranar tunawa da kafa Jamhuriya a 1958, hutu ce ga ma'aikata da ƴan makaranta, don haka wanda bai sami sarari a makon farko ba yana iya ajiye fitar sai ranar.

Daga wannan ayar ce aka samo abin da ake kira itacen Yesse. A kafa busasshen reshe marar ƙaya a gwangwani mai yashi, kowace yamma a rataya masa alamar labarin da aka faɗa, wadda yaran suka zana a kwali ko suka ƙera da kara: jirgi domin Nuhu, taurari domin Ibrahim, riga domin Yusufu ɗan Yakubu, kwando domin Musa, majajjawa domin Dawuda. Kada a tsallake Rut, wadda ta yi kala a gonar Bo'aza a Baitalami bayan masu girbi, domin yaran da suka ga ana kala a gonakin gero makonni kaɗan da suka wuce za su gane ta nan take, ga shi kuma ita ce kakar Yesse. Alamarta zangarniya ce, ba sai an zana ba, a ɗauko ta gaske daga rumbu.

Mako na biyu na Yahaya Mai Baftisma ne. Wa'azinsa yana da zafi, ba dukansa ne na ƙananan yara ba, amma Luka 3:11 nasu ne: mai riga biyu ya ba marar ita, mai abinci ma ya yi haka. A wannan makon a zazzage akwatin yara tare da su, a fitar da rigunan sanyi da huluna da suka yi musu kaɗan amma ba su yage ba, a wanke, a bar yaron da kansa ya miƙa wa wanda za a ba. Masu bukata ba su da nisa, akwai almajiran da ke kwana cikin sanyi, akwai gwauraye da marayu na ikilisiya, akwai majinyata a asibiti. Abin lura shi ne kada a ƙwace wa yaro abin da yake ƙauna da sunan koya masa kyauta, a bar shi ya zaɓa tsakanin abu biyu ko uku da babba ya ware.

Mako na uku na Maryamu ne da mala'ika Jibra'ilu da ziyarar da ta kai wa Alisabatu, kamar yadda yake a Luka 1:26-56, na huɗu kuma na ƙidayar da Kaisar Augustas ya umarta da tafiyar Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, a farkon sura ta biyu. Tafiyar ta haura kilomita 100, ta fi nisan Maraɗi zuwa Katsina, kuma yaro da ya taɓa yin wannan hanya a mota zai yi shiru idan aka ce masa babu mota a lokacin. Yana da kyau babba ya san abin da nassi ya faɗa da abin da al'ada ta ƙara. Luka bai ambaci jaki a tafiyar ba, Matiyu kuma bai ce masanan da suka zo daga gabas su uku ne ba, kyautai uku ya lissafa, zinariya da lubban da mur. Babu laifi a sa jaki a wasa, amma idan yaro mai wayo ya tambaya a gaya masa gaskiya. Labarin kisan jariran Baitalami da Hirudus ya yi, a ganina, a jinkirta shi sai yaro ya ƙara girma, musamman tunda da dare ake wannan zama.

Ginin garken haihuwa

A shekarar 1223, a ƙauyen Greccio na Italiya, waliyin Katolika Faransis na Assisi ya shirya komin dabbobi da ciyawa da sa da jaki masu rai domin mutane su ga irin talaucin da aka haifi Yesu a ciki. Daga nan al'adar gina ɗan garken haihuwa ta yaɗu. Yaranmu ba sa bukatar a sayo musu na roba, tunda da ma sun iya gina shanun laka. A samo yumɓu, a cuɗa shi da ɗan yashi mai laushi ko ƙaiƙayi domin kada ya tsattsage, a bar yaran su gina tumaki da shanu da raƙuma da mutane, a shanya a inuwa, domin rana da busasshiyar iska suna fasa laka idan ta bushe da gaggawa. Rumfar a yi ta da karan dawa da ɗan bunu, komin kuma da ɓawon kara ko guntun ƙwarya da aka zuba wa harawa. Tunkiya mai ƙafa uku da ɗan shekara huɗu ya gina ta fi wadda babba ya gyara masa daraja a wurinsa, saboda haka a daure a bar ta yadda take. A ajiye garken nesa da tiren kyandirori.

Ga inda dabarar take: kada a jera komai rana ɗaya. A mako na farko rumfa ce kawai da komi, a na biyu dabbobi su shigo, a na uku makiyaya su tsaya can gefe da garkensu. Yusufu da Maryamu su faro daga ɗaya ƙarshen ɗakin ko bakin zaure, kowace yamma yaro ya matso da su taki ɗaya. Komin ya zauna babu kowa a ciki har daren 24 ga wata, ko da yaran sun yi ta roƙo, kuma za su yi. Amsar da za a ba su gajeriya ce: "Bai iso ba tukuna, muna jiransa." A ba auta aikin kwantar da jaririn idan daren ya zo.

Akwai gidaje da ikilisiyoyi na bishara da ba sa sakin jiki da siffofin mutane a wurin addu'a, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne. Irin wannan gida yana iya tsayawa ga rumfa da komi da dabbobi, yaran da kansu su zama Yusufu da Maryamu da makiyaya idan ana faɗin labarin. Wanda yake shakka ya tambayi fastonsa tun kafin yara su fara gini.

A majami'a

Kiristocin Maraɗi ba tsari ɗaya suke bi ba. A cocin Katolika, wadda Maraɗi ta zama mazaunin bishop nata tun 2001 da Ambroise Ouédraogo a matsayin na farko, kalandar a bayyane take: Fada yana sa tufafi masu launin shunayya, ba a rera waƙar ɗaukaka ta mala'iku a Lahadin waɗannan makonni sai daren Kirsimeti, Lahadi ta uku kuma ta farin ciki ce. A ikilisiyoyin bishara, irin su EERN (Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar) da ta tsiro daga aikin SIM, sau da yawa ba a bin makonnin ɗaya bayan ɗaya, amma Disamba cike take da koyon waƙoƙi, haddar ayoyi da shirin wasan kwaikwayo. Kowanne ya yi amfani da abin da ke gabansa. Kafin a fita daga gida a ba yaro abu ɗaya da zai nemo da ido ko kunne, kamar a ce, "Ka duba mini kyandir nawa aka kunna yau," ko "Ki saurara ki ji ko za a ambaci Maryamu," a kan hanyar dawowa kuma a tambaye shi. A zauna da yara inda za su hangi gaba, domin wanda ba ya ganin komai sai bayan manya dole ya nemi abin yi. A ciyar da su kafin a fito, a sa musu hula da rigar sanyi da za a iya cirewa idan rana ta ɗaga, a shafa musu mai a leɓe da ƙafa saboda kaushi, a riƙe ruwan sha. Yaron da ke tari da zazzaɓi a bar shi a gida da mai kula da shi, wanda kuma zazzaɓinsa ya zo da ciwon kai mai tsanani ko sanƙarewar wuya a garzaya da shi asibiti, domin sanƙarau a rani yake yaɗuwa.

Wasan kwaikwayon haihuwa shi ne abin da yara suka fi ɗoki, kuma shi ne inda aka fi ɓata musu rai ba da niyya ba. Ga malaman makarantar Lahadi da matan zumunta masu taimaka musu, shawara ta farko ita ce kowane yaro ya sami matsayi. Maryamu ɗaya ce, Yusufu ɗaya ne, amma babu wanda ya ƙayyade yawan makiyaya da mala'iku da tumaki, ƴan shekara uku kuma sun iya kukan tunkiya ba sai an koya musu ba. Kada ƴar gidan fasto ko ta mai kuɗin ikilisiya ta zama Maryamu kowace shekara, yara suna lura da wannan fiye da yadda manya ke zato. Maganar kowane ƙaramin yaro kada ta wuce jimla ɗaya, babban yaro ko malami ya riƙe karatun labarin. Kayan wasa suna cikin gidajenmu: zane da mayafi, rawani, sandar kiwo, buta, fitila. A yi gwaji gajere sau biyu a mako da la'asar, a tashi kafin magariba, kuma kada a sallami ƙananan yara su koma gida su kaɗai a titunan da babura ke gudu. Jariri na gaske a cikin komi yana burge jama'a, amma sanyi da ƙura da hayaniya ba su dace da shi ba, ƴar tsana da aka naɗe da zane ta isa.

Idan yaro ya tsaya a gaban jama'a ayar da ya haddace ta ɓace masa, malami ya matso ya ɗora masa kalmar farko a hankali, idan ta ƙi zuwa a tafa masa ya sauka, kada a yi masa faɗa a gida. Liƙi ma yana bukatar tsari, domin idan aka yi wa yara biyu ruwan kuɗi sauran suna kallo, an koya musu darasin da ba shi aka taru a koyar ba. Gara a ajiye ƙwarya guda a gaba, abin da aka tara a sayi abin da za a raba wa dukansu daidai.

Ɗinki, girki da maƙwabta

A kai wa tela ɗinkin yara tun farkon Disamba ko kafin haka, domin wanda ya kai a makon ƙarshe yakan karɓi haƙuri a maimakon riga. Idan ƙungiya ta fitar da anko kuma aljihu bai kai ba, kada a ci bashi ko a sayar da hatsin da za a ci a bazara saboda shi. A gaya wa yara tun da wuri abin da za su samu, ko da takalmi ne kawai ko sabuwar hula, a ajiye shi inda suka sani amma ba za su sa ba sai ranar. Mai niyyar sayen kaza ko zabo da wuri domin gudun tsadar ƙarshen wata ya tuna cewa ciwon kaji yakan yi yawa a hunturu, saboda haka ya ware sabuwar daga na gida na wasu kwanaki. Cincin da sauran soye-soye a bari sai kwana biyu ko uku kafin bikin, yara su taya murzawa da yankawa, amma a nisanta su da kaskon mai.

Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, kuma su ne suke aiko mana da nama ranar layya. Shirya musu kwanon shinkafa ranar Kirsimeti yana cikin abin da ya kamata yara su sa hannu a kai. A zauna da su a mako na huɗu a lissafa gidajen da za a kai wa, a fara da na jikin katanga da tsofaffin unguwa. Domin kowa ya ci hankali kwance, a sayi naman a wurin mahauta ko a roƙi maƙwabci Musulmi ya yi yankan, kamar yadda gidaje da yawa suka saba. A koya wa yaro yadda zai yi sallama, ya durƙusa ya gaida manya, ya ce, "Baba, in ji Innata a kawo muku abincin sallarmu." Abokan wasansa za su tambaye shi me ake yi a gidansu, amsar da ta ishe shi ita ce ana murnar haihuwar Yesu Almasihu ɗan Maryamu, sunan da ba baƙo ba ne a kunnensu. Muhawara ba aikin yaro ba ce.

Daren 24 da abin da ke biye

Majami'u sun bambanta a lokacin da suke sujadar wannan dare, saboda haka a tambayi shugabanni tun da wuri. A sa yara su yi barcin rana, a ci abinci kafin a tafi, a ɗauki bargo ko zane mai kauri. Idan sujadar za ta kai tsakar dare, ɗan shekara biyu ko uku ba zai amfana da komai ba sai sanyi, gara wani babba ya zauna da shi, a kai shi ta safiyar 25 ga wata, wadda ranar hutu ce a Nijar. Kafin a fita, ko bayan an dawo idan yaran suna farke, a kunna kyandirori huɗun da na tsakiya, a karanta Luka 2:1-20 gaba ɗaya a wannan karon, a share layi na ƙarshe, auta kuma ya kwantar da jaririn. Abubuwan fashewa na wasa da ake sayarwa a ƙarshen shekara a hana ƙananan yara su ɗungum, suna ƙona yatsu da idanu, suna kuma tayar da gobara a unguwar da ke da zana da tarin kara.

Iyalin da tafiya ko rashin lafiya ko baƙi suka sa suka tsallake wasu kwanaki kada su tara labarai biyar su faɗa a dare ɗaya, su share layukan da suka wuce su ci gaba daga inda kalanda take. Masanan gabas kuma, waɗanda aka ajiye can nesa tare da raƙumansu, su fara matsowa daga 26 ga Disamba, su iso ranar 6 ga Janairu ko Lahadin da ke kusa da ita inda aka saba mayar da bikin zuwansu, da karatun Matiyu 2:1-12. Bayan nan a kwashe garken. Laka da ba a gasa ba ba ta jure danshin damina a ajiye, don haka a bar wa yara dabbobinsu su ci gaba da wasa da su, a adana alamomin kwali na itacen Yesse a cikin leda da sunan wanda ya zana kowace da shekarar a bayanta, tiren kuma a wanke shi ya koma madafa.